An koro min yarinya daga bakin get saboda yunifom, wai doka ta ba su wannan ikon?

Wata baiwar Allah ce ta turo tambaya, tace 'yarta tana aji biyu na ƙaramar sakandare a wata makarantar kuɗi, bana sai makarantar ta canza yunifom kuma suka ce dole a wajensu za a saya. Ita kuma da ta ga kuɗin ya yi yawa sai ta shiga kasuwa ta yanko yadi mai irin kalar ta kai wa tela. To sau biyu kenan ana koro yarinyar daga bakin get, wai kalar hijabin bata zo daidai ba kuma babu bajin makaranta a jiki. Ƙaninta shi ma wani malami ya sa masa almakashi a tsakiyar kai saboda sumarsa ta taru. Shine take tambaya ko doka ta ba su damar yin haka, kuma me ya kamata tayi.

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana zuri'a ya yi musu albarka. Ni dai na haura shekara ashirin ina koyarwa, ta gwamnati da ta kuɗi duk na taɓa, kuma na daɗe ina riƙe da muƙamin disifilin masta, wato ni ne mutumin nan da kike gani a bakin get da dorina ƙarfe bakwai da rabi na safe. Don haka abin da aka yi wa 'yarki ni ma na yi wa 'ya'yan wasu, bazan ɓoye miki ba, kuma shi yasa nake ganin ina da bakin magana a kai.

Abu uku kika haɗa a tambaya ɗaya kuma hukuncinsu ba ɗaya bane. Cewa makaranta ta tsara irin kayan da ɗalibanta za su sa, wannan haƙƙinta ne, babu inda zaki kai ƙara ki yi nasara. Cewa dole sai a hannunsu zaki saya, nan hujjarsu bata da ƙarfi kamar yadda suke nunawa. Korar yarinya daga karatu da sa wa yaro almakashi a kai kuwa, wannan ko ni da na yi aikin bani da abin da zan kare su da shi.

Amma bari in fara da dalilin da yasa ma aka ƙirƙiro yunifom ɗin, don yawancin masu makarantu sun manta. Ɗaya daga cikin tsofaffin yunifom da aka sani a duniya shine na wata makaranta a Ingila da ake kira Christ's Hospital, wadda aka buɗe a Landan a 1552, kuma marayu da 'ya'yan talakawa aka buɗe wa ita. Doguwar riga shuɗiya ake ba su da safa ruwan ɗorawa, har yau ɗin nan ita suke sawa. Kinga kenan asalin abin sutura ce da ake BA yaron da bashi da ita. Mu a nan arewa ma in kika duba tsofaffin hotunan Kwalejin Katsina, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, riga da hula zaki gani a jikin ɗalibai irin na gida, gajeren wando da zanzaro daga baya suka yaɗu. Babban amfanin yunifom a wurina guda ɗaya ne, ɗan Alhaji da ɗan mai gadi su zauna benci ɗaya ba wanda zai gane waye waye ta jikin riga. Sai kuma tsaro, in an ga yaro a gidan kallon ƙwallo ƙarfe goma na safe an san makarantar da ya gudo, in baƙo ya shigo cikin ɗalibai a gane shi. Shikenan fa. Maganar wai yunifom yana ƙara wa yaro ƙoƙari, wani masani a Amurka mai suna David Brunsma ya daɗe yana bincike a kai tun wajen 1998, bai samu hujjar cewa saka yunifom yana ɗaga maki ba, ni ma kuma a aji ban taɓa ganin laktaye ya koya wa yaro lissafi ba.

Abin da aka tabbatar kuwa shine kuɗin yunifom yana hana yara karatu. A Kenya gwamnati ta soke kuɗin firamare a 2003 amma yara suka ci gaba da zama a gida saboda yunifom, sai wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da Esther Duflo da Michael Kremer waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, suka gwada raba yunifom kyauta ga 'yan aji shida a yammacin ƙasar, sai ga shi barin makaranta ya ragu, har ɗaukar ciki da wuri a tsakanin 'yan matan ya ragu, saboda kawai sun ci gaba da zuwa aji. Yunifom kawai fa. Wannan ne ma dalilin da yasa zaki ga gwamnatocinmu irin na Kano da Kaduna sun sha raba yunifom kyauta, sun san shine shingen farko.

Ni abin da ya sauya min tunani ba bincike bane, wani yaro ne. Lokacin ina wata makarantar gwamnati, akwai yaron da kullum da silifas yake zuwa, dokarmu kuma sandal ruwan ƙasa da farar safa. Na yi gargaɗi, na yi bulala, na sa shi tsallen kwaɗo, rannan dai raina ya ɓaci nace ya koma gida kar in sake ganinsa sai da sandal. Sati biyu ban ganshi ba har na manta. Wata Asabar na shiga kasuwa sayen kayan miya sai naji ance "Malam a kawo baro?", ina juyowa sai ga shi, da silifas ɗin nan dai a ƙafarsa ɗaya an ɗaure da waya. Yace min yana tara kuɗin sandal ne, ya kusa. Wallahi Hajiya ranar ban iya cin abincin dare ba. Na saya masa takalmin ya dawo, amma zangon ya riga ya lalace masa, kuma ya ɗanɗana kuɗin baro, bai ƙarasa aji uku ba. Tun daga nan na daina korar yaro saboda kaya, sai dai in rubuta sunansa in kira iyayensa.

To mu dawo kan doka. Dole ki bambance makarantar gwamnati da ta kuɗi. A ta gwamnati, dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 tace karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara kenan, kyauta ne kuma dole ne, har hukunci ta tanada ga iyayen da suka ƙi kai yaro. To in gwamnati tace dole yaro ya zo, hedimasta bashi da hurumin ya mayar da shi gida don babansa bai ɗinka riga ba, ai ya zama tufka da warwara. Makarantar kuɗi kuwa yarjejeniya ce tsakaninki da su. Ranar da kika cike fom kika sa hannu, a cikin takardun nan da yawancinmu bama karantawa akwai inda aka ce kin amince da dokokin makaranta. Saboda haka abu na farko, je ki nemo takardar nan ki karanta. An rubuta cewa a makaranta kaɗai ake sayen yunifom? An rubuta cewa suna iya canza shi duk sanda suka ga dama? An rubuta cewa hukuncin saɓawa shine kora daga aji? Sau da yawa zaki tarar babu ko ɗaya, mai makaranta ne kawai ya tashi da safe ya yanke.

Sannan yarjejeniya bata fi ƙarfin dokar ƙasa ba. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, a cikinta akwai maganar cewa mai sayarwa ba zai ɗaura miki sharaɗin sai kin sayi wani abu daban a hannunsa kafin ya miki hidimar da kika zo nema ba, sai in yana da ƙwaƙƙwaran dalilin da zai nuna cewa amfaninki ne. Ke karatu kika je saye ba yadi ba. Makaranta zata iya cewa dalilinta shine kayan su zama iri ɗaya, to wannan dalilin yana tsayawa ne a kan baji da samfurin yadi, baya kaiwa ga ninka farashi. Kuma kowace jiha tana da sashen da yake kula da makarantu masu zaman kansu a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi, a Kano hukuma ce sukutum, su ne suke ba da lasisi don haka su masu makarantu suke tsoro. Wannan matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba, a Ingila sai da majalisa ta yi doka a 2021 a kan tsadar yunifom, aka ce makarantu su rage yawan kayan da dole sai mai tambarinsu, kuma su tabbatar iyaye suna iya samun na hannu.

Zan faɗa miki gaskiyar abin da ke ciki tunda na zauna a ofis ɗin. Makarantun kuɗi da yawa, musamman ƙanana na cikin unguwa, kuɗin makaranta kaɗai baya riƙe su, ga haya ga albashi ga man janareta ga haraji kala kala, iyaye kuma rabi basa biya sai ana gobe jarrabawa. In sun ƙara kuɗin makaranta a yi ta surutu, to sai su ɓoye ƙarin a cikin yunifom da littattafai. Shi yasa zaki ga na Litinin daban, na wasanni ranar Laraba daban, kaftani ko abaya na Juma'a daban, ga suwaita ga kwat ga hula ga safa mai tambari. Kwat fa, a garin da zafin watan Afrilu yake haura digiri 40, yara suna zaune a aji babu fanka suna ta zufa kamar an tsamo su a rijiya, wai don a ɗauki hoto a sa a Facebook. Sai kuma bayan shekara biyu a canza kala don kar ƙane ya gaji na wa. Na fahimci matsin da suke ciki, ni ma an sha riƙe min albashi, amma gara su fito fili su ce mun ƙara kuɗin makaranta kaza, da su sa yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta tsaya a rana tana kallon ƙawayenta suna wucewa a kan rigimar da ba tata ba.

Maganar kala kuma abin dariya ce ga duk wanda ya san yadi. Ki je Kantin Kwari ki sa a ɗauko miki bandir biyu na kamfani ɗaya lamba ɗaya, in ba rini ɗaya suka fito ba sai kin ga bambanci in kika haɗa su a rana. Su kansu na makarantar, wanda aka saya bara da na bana ba sa zama ɗaya, kuma bayan wanki biyar da omo da shanya a ranarmu kowanne ya koɗe. In kina so ki gane, ki tsaya lokacin asembili ki kalli layin 'yan mata daga baya, zaki ƙirga shuɗi kala huɗu ko biyar. Don haka ba kalar ce ta dame su ba, rashin bajin ne ya nuna musu ba a wajensu aka saya ba.

Tunda hijabi ne abin ya shafa bari in ɗan taɓo wani abu don kar a cakuɗa, saboda na ga mutane suna kawo hukuncin Kotun Ƙoli a inda bai shiga ba. Shari'ar nan ta Legas ce, wasu ɗalibai mata biyu tare da ƙungiyar ɗalibai Musulmi suka kai gwamnatin jihar ƙara saboda hana sa hijabi a makarantun gwamnati. Babbar kotu ta ba gwamnati gaskiya a watan Oktoba 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wannan a watan Yuli 2016, sai Kotun Ƙoli ta tabbatar a ranar 17 ga Yuni 2022, alƙalai biyar cikin bakwai suka ce hana ɗaliba sa hijabi ya saɓa wa 'yancin addini da sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya bayar. An yi irin wannan rigimar a Osun a 2016, har wasu ɗalibai Kiristoci a garin Iwo suka riƙa zuwa makaranta da rigunan coci don nuna adawa, aka kuma yi a Kwara a 2021 har gwamnati ta rufe makarantu goma a Ilorin na ɗan lokaci. Duk waɗannan a kan haƙƙin SAKA hijabi ne, kuma a makarantun da gwamnati ke riƙe da su. 'Yarki ba a hana ta sa hijabi ba, an ce ne ta sa nasu, don haka in kika shiga ofishin firinsifal da wannan hujjar zai kayar da ke cikin minti ɗaya. Makaranta tana iya cewa hijabi fari ne ko shuɗi, iya gwiwa ne ko iya ƙugu. Kuma adalci shine mu tuna wannan sashen na 38 ɗin shine dai yake kare yarinyar da ba Musulma ba a makarantunmu na nan, abin da bama so a yi wa namu a can kar mu yi wa na wasu.

Kar kuma ki ɗauka ni bana son dokar sutura, ina so sosai. Yaron da ya kai wandonsa wajen tela aka tsuke shi kamar fensir har baya iya ruku'u, ko ya zazzago shi ƙasan ƙugu, ko askin 'yan ƙwallo da zane a gefe, ko yarinyar da ta zo da gashin ido da farce da sarƙar gwal, wannan dole a tsawatar, don gobe sauran ma za su matsa wa iyayensu sai an saya musu, daga nan gasar da yunifom ya zo kashewa ta dawo ta taga. Bambancin da nake yi shine tsakanin laifin yaro da rashin iyaye. Wanda ya tsuke wando shi ya zaɓa. Wadda ta zo da hijabi a jiƙe ranar Talata da damina, saiti ɗaya gare ta, an wanke da daddare bai bushe ba, wannan in ka dake ta ka daki talauci ne kawai. Malami mai hankali daga kallo ɗaya yake ganewa.

Almakashi kuwa, Allah ya yafe mana, al'ada ce da muka gada daga malamanmu muka ɗauka tarbiyya ce. A yi wa yaro gicciye a tsakiyar kai a gaban asembili, ya wuni yana rufe kai da littafi ana masa dariya. Tsarin mulki a sashe na 34 ya hana wulaƙanta ɗan Adam, dokar haƙƙin yara ta 2003 ma ta maimaita hakan ga yaro. Ko a bar maganar doka, almakashi ɗaya ake bi da shi kan yara goma sha, wani yana da makero wani yana da ƙuraje, ba a gogewa ba a komai. Abin da ya dace shine a ba yaro takarda ya kai gida, a ce zuwa Litinin a yi masa aski. In kuma an sha ba ku takardar kuka share to nan Hajiya ku ma da naku, sai a faɗi gaskiya.

Yanzu abin da zaki yi. Kar ki fara da faɗa a bakin get, mai gadi da firifet da malamin da ke duti umarni aka ba su, ba su da ikon canza komai, kuma 'yarki ce zata ci gaba da zama da su bayan kin tafi. Ki shirya ke da babansu in zai samu dama, don a gaskiya an fi saurarar mutum biyu, ku nemi ganin firinsifal ko mai makarantar kansa, ku tafi da hijabin da kika ɗinka a leda. Ki ajiye masa a tebur kice Malam ga shi, a nuna min inda ya saɓa, in baji ne a sayar min da baji in kai wa tela ya ɗora, in kala ce a yanko min ƙyallen samfuri in je in nemo daidai shi. Yawanci a nan maganar take mutuwa don babu amsa. In sun dage sai nasu, ki nemi a baki lokaci zuwa ƙarshen zango ko a raba miki biya kashi biyu ko uku, da sharaɗin yarinya tana aji a tsawon lokacin, kuma a rubuta a takarda ko da layi biyu ne a sa hannu, don gobe wani malamin ne a get bai san da zancen ba. Ki kuma tambaya kwana biyun da ta rasa wa zai maimaita mata darasin, tunda kin biya kuɗinsu.

In abin ya ƙi, sai taron iyaye da malamai. Na tabbata ba ke kaɗai bace, akwai iyaye da yawa da suke ƙorafi a gida amma a taro kowa ya yi shiru don kar a ce bashi da hali. Ku haɗu ko ku biyar ne ku kawo buƙatu masu sauƙi, duk canjin yunifom a sanar shekara guda kafin lokaci kuma a bar tsohon ya ci gaba da aiki har ya ƙare, a sayar da baji daban, a rage yawan kala, sannan a ajiye akwati a ofis inda 'yan aji shida masu fita za su bar nasu masu kyau. Mun yi wannan a wata makarantar da na riƙe, a wanke a goge a jera, duk wanda ya zo da matsala a shiga da shi a ba shi ba tare da kowa ya sani ba, ko sisi bamu kashe ba. Sai in duk wannan ya gagara ne zaki rubuta takardar ƙorafi zuwa hukumar makarantu masu zaman kansu ta jiharku, ki haɗa da rasit ɗin kuɗin makaranta da takardar farashin yunifom da ranakun da aka koro ta.

In kuma kika sake komawa wajen tela, ki ɗaga yadin a rana tukuna ki ga ko yana nuna jiki, musamman fari, ki nemi mai ɗan auduga a ciki don zallar roba azaba ce da zafi, ki jiƙa shi ya kwana kafin a yanka saboda wani yana shiga, kuma kice ya bar kalmasa mai faɗi a ƙafar wando da hannu, yaran aji biyu kafin shekara ta zagayo sun ƙara tsawo sai kawai a warware. In da hali saiti biyu na mai araha ya fi saiti ɗaya na mai tsada. Gobe dai ki tabbatar ta koma aji, ko da ke zaki raka ta har ciki.